Ku Tambayi Tsohon Soja: Wai harsashi ma yana tsufa?

Assalamu alaikum jama'a, ya zafi? Wanga mako na so mu taɓa zancen fansho ne kamar yadda na yi alkawari, sai ga saƙonni sun taru a kan abu guda, wato ajiyar harsashi da bam da nakiya, toh tunda aikin da na ci tuwo da shi kenan har na aje kaki sai na ce fansho ya jira, dama ya saba jira. Wanda bai ga tashi tambayar ba ya yi haƙuri, filin ne ya cika.

TAMBAYA: Baba ina wuni, ya ƙarfin jiki. Ni gidanmu na nan wajen Kwannawa ba nisa da barikin Giginya, tun randa anka ce ma'ajiyar makamai ta tashi a barikin Giwa ta Maiduguri kuma soja sunka ce zafi ne wallahi hankalina bai kwanta ba, don in zancen zafi a kai ai mu Sakkwato mu ad da shi. Dan Allah da gaske rana na iya tada bam? In ko haka ne mi za mu yi? Daga wata uwar ɗiya, Kwannawa.

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, Allah shi yi albarka. Abin da ke cikin wata bariki ba zan taɓa shi ba, ni na yi ritaya amma rantsuwata ba ta yi ba. Yadda abin ke aiki kuwa zan gaya miki, don ba sirri ba ne.

Rana ba ta tada bam kamar yadda ashana ke tada fetur. Abin da anka cika cikin bam, irin su TNT, kurma ne, sai zafi ya kai wajen digiri 80 ma kafin ya fara narkewa, kuma narkewa daban fashewa daban. Wanda ke hana mu barci shi ne garin da ke tura harsashi ya fita daga bakin bindiga ko igwa, albarushin zamani kenan, mu a sito muna ce mishi furofelan. Asalinshi naitiroselulos ne, kuma halinshi shi ne tun randa ya fito daga masana'anta yake ruɓewa a hankali, yana fidda wani iska mai tsami, iskan ya dawo ya ƙara ci mishi jiki, cin ya haifar da zafi, zafin ya ƙara saurin ruɓewar. Shi ya sa masu ƙera shi ke zuba wani kemikal a ciki, sitabilaiza, aikinshi ya riƙa shanye wanga iska kamar soso. To soso ai yana cika. Randa ya cika ba sauran mai tsaron gida, in garin na da yawa a wuri guda sai ya yi ta ɗumama kanshi har wuta ta kama, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya sha taba, mai gadi na zaune yana gyangyaɗi.

Nan zafinmu ke shigowa. Duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin wagga ruɓewa sau biyu ko fiye. Kin ga kayan da zai yi shekara da shekaru a sanyin Jamus lafiya, in anka kawo shi nan inda watan Afrilu da Mayu muke haura 40, anka kuma jibge shi cikin kwantena a fili wadda cikinta kan wuce 60 da tsakar rana, ai tsufa zai yi da gudu. Takardar jikin akwati za ta ce yaro ne, cikinshi kuwa ya yi furfura.

Kuma tsohon ciwo ne. A 1911 jirgin ruwan yaƙin Faransa mai suna Liberté ya tarwatse yana tsaye a tashar Tulon, mutum kusan 300 sunka mutu, sanadi albarushin da ya lalace, alhali shekara 4 kafin nan wani jirgin nasu ya yi irin haka a tasha guda. Kusan shekara 100 bayan Liberté, ran 11 ga Yuli 2011, kwantena 98 da anka kama a wani jirgi anka bari a rana sama da shekara biyu a wani sansanin sojan ruwa a tsibirin Sayifurus sunka tashi, mutum 13 sunka rasu, babbar tashar lantarkin ƙasar da ke maƙwabtaka da wurin ta rushe. Tun kafin ranar an ga wasu kwantenonin sun kumbura, anka yi ta watsa musu ruwa ana rubuta takarda. Na Giwa da kika ambata, farkon Mayun 2025 ne, tsakiyar zafi.

To mi aka yi don kada a kai nan? Aiki ne mai gundura wallahi, ba abin da za a sa a fim. Ma'aunin zafi a rataye cikin kowane ɗaki, kullum a rubuta mafi sama da mafi ƙasa a littafi. Akwati ba ya taɓa ƙasa, sai kan katako, ba ya jingina da bango, iska ya ratsa. Ɗakin kirki na kankare ne an lulluɓe shi da ƙasa kamar tudu, ƙasar ta tare rana, in kuma abu ya faru ta hana shi tsallakawa ɗakin gaba. Lokaci-lokaci a ɗebi samfurin garin a kai lab a auna sauran sitabilaiza nawa ya rage, a tsarin sojan Amurka in ya faɗi ƙasa da kashi 0.2 cikin ɗari an ba ka kwana 60 ka ƙone shi, ba roƙo. Sai sharar ciyawa, kuma kar ki raina ta, a Bata ta ƙasar Ikwatoriyal Gini ran 7 ga Maris 2021 hukuma ta ce wutar da manoma sunka sa a gona ce ta isa ma'ajiyar bariki, sama da mutum 100 sunka tafi. Sai ƙarfen tsawa a kan rufi da aka gwada wayarshi kafin damina. Mai shiga ya aje waya da ashana da laita a ƙofa ko da janar ne, na taɓa karɓe laitar wani babba ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. Akwai ma wani harsashin igwa na hayaƙi mai farin fosfaras wanda ke narkewa a digiri 44, wato zafin Sakkwato kawai ya ishe shi, shi a tsaye aka aje shi da randar ruwa kusa don in ya yoyo ya sha iska kamawa yake.

Abin da ya fi shafarki shi ne tazara. Akwai lissafinta, in abin fashewar da ke ɗaki ya kai kilo 8,000 gidan mutane ya zama wajen mita 440 daga nan, in ya ninka sau takwas tazarar ta ninka sau biyu. Matsalar barikokinmu an gina su ne can bayan gari sannan gari ya biyo su, mai fili ya yanka ya sayar, har katanga ta haɗu da katanga. Haka barikin Ikeja a Legas ta kasance randa ma'ajiyar makamanta ta tashi, ran Lahadi 27 ga Janairu 2002. Amma ki riƙe wannan, daga cikin sama da mutum 1,000 da sunka mutu a ranar, mafi yawa ba bam ya same su ba, gudu ne cikin duhu da turereniya ya zuba su a magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe samanta, mata da ƙananan yara birjik. Don haka tun yau ku zauna da maigida ku san ta ina za ku fita da inda za ku haɗu in an rabu, yara su sani. In kun ji ƙara ku nisanci taga don gilas ne ke yanka mutane, ku yi nesa a natse ta hanyar da kunka sani, kada ku yanki fadama ko bakin gulbi da dare, kada kowa ya koma kallo, kuma washegari duk ƙarfen da ya faɗo tsakar gida a bar shi inda yake.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Yayana soja ne, ya ce akwai randa ya ja kunama bindiga ta ƙi tashi, wai harsashin ne ya mutu. Ni na ɗauka ƙarfe ba ya ekspaya sai ka ce maganin kemis? Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗana ai da maganin kemis ɗin ya fi kama. Ƙarfen da kake gani riga ce kawai, ciki kemikal ne, gari a tsakiya da wata 'yar hula a gindin kwanso wadda allurar bindiga ke sara ta ba da tartsatsi. Harsashin AK-47 da ke cikin gwangwaninshi a rufe kamar sardin, a inuwa, yana iya yin gomman shekaru ya tashi rangaɗau. Amma randa anka buɗe anka zuba a magazin agogonshi ya canja, ya sha rana a bayan Hilux, ya sha ƙura, ya sha ruwan damina da gumin mai shi, a sa shi a hanci a fidda a sa a fidda kullum in an sauka aiki har ya ɗan nutse cikin kwanso. Wasu kuma don son gyara su shafa mishi mai, man ya silala ya kashe hular. Irin wanga ya kamata a karɓe a kai renji, wato filin koyon harbi, a harbe a atisaye a ba mutum sabo, in an bar shi wata da watanni sai ya ci amana ranar da aka bukatarshi.

Mai duba kaya ido yake fara sawa. Kore-kore a jikin tagulla, tsatsa, lotsewa, tsagewa a wuyan kwanso. Zancen tsagewa ma akwai labari, sojan Ingila a Indiya sun yi ta mamakin yadda kwansonsu ke tsagewa duk bayan damina, ashe a bargar dawaki suke aje akwatunan kuma iskan fitsarin doki na cin tagulla, sai a 1921 anka gano. Mu masu ɗaure doki a gida sai a kiyaye.

Amma ba za ka iya gwada kowane harsashi ba, don gwajinshi shi ne harba shi, in ka harba kuma ya ƙare. Nan lot namba ke aiki. Duk kayan da anka ƙera a masana'anta guda, da kayan haɗi guda, a lokaci guda, lamba guda aka buga musu a jikin akwati. Kamar tukunyar miya ce, uwargida ba ta shanye tukunya don ta san gishiri ya ji, cokali guda ya isa. Sai a zari wasu daga lot ɗin a harba, a ƙirga nawa sunka ƙi, a auna gudunsu, sannan a yanke hukunci, wanga ya tafi fagen daga, wanga atisaye kawai, wanga a gyara, wanga a ƙone. In kuma wani ya yi ɓarna a hannun soja, kamar ya fasa bindiga, sai a tura sigina ko'ina a ce duk mai lot kaza ya dakata da shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaranmu su fasa akwati su juye harsasai wuri guda su yi girki da katakon, shikenan asali ya ɓace, yayanka zai ce harsashi ya mutu amma ba mai iya cewa daga wace tukunya ya fito, 'yan uwanshi dubbai na nan a hannun wasu. Kuma lambar nan ita ke tona asiri in an kama kayan gwamnati a hannun ɓarayin daji, ta nuna daga wane sito ya sulale, shi ya sa wasu ba su son ta.

Ka gaya mishi abin da ya riga ya sani, a renji in ta ƙi tashi kada ya juyo da bakinta ko ya leƙa, ya bar ta tana kallon gaba kamar daƙiƙa 30, don akwai mai jinkiri, ya yi shiru sannan ya tashi.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗan gwangwan ne, yara sun kawo mini wani ƙarfe mai nauyi kamar kwalba da fiffike a gindi sun ce a gona sunka tsinta, duk ya yi tsatsa. Wani ya ce akwai jan ƙarfe mai tsada ciki. Tunda ya tsufa haka ai ya mutu ko? Daga wani mai sana'a, Gidan Igwai.

AMSA: Malam na riga na amsa maka ta waya tun ranar da saƙonka ya shigo, ina maimaitawa ne don abokan sana'arka. Abin da ka siffanta harsashin mota ne, ba motar hawa ba, 'yar igwar nan da aka jefa wa harsashi ta baki. Kada ka buga, kada ka yanka, kada ka sa a wuta, kada ka ɗora a sikeli, kada ma ka ɗauke shi don ka kai wa hukuma. Wanda anka harba bai tashi ba ya fi na cikin sito haɗari nesa ba kusa ba, don makullan tsaron da ke kanshi sun riga sun buɗe a sama, saura ƙiris ya rage mishi, kuma tsatsa ba ta kashe shi sai dai ta ƙara mishi saurin fushi. A Jamus har gobe ana kwashe unguwa guda saboda bam ɗin yaƙin da ya ƙare a 1945. Ka fidda mutane daga wurin, ka sa alama daga nesa, ka kira 112 ko ka je caji ofis mafi kusa ka ce a turo 'yan sandan EOD masu kwance bam. Na san abin da kake tsoro, kada a ce ina ka samo. Ka tafi da mai unguwa ko shugaban ƙungiyarku ya tsaya maka. Jan ƙarfen da anka gaya maka bai kai kuɗin likkafani ba. Yaran da sunka kawo shi kuma a tambaye su wace gona, don da wuya ya zama shi kaɗai ne.

TAMBAYA: Baba mu mafarauta ne gado, akwai albarushin bindigar toka da nike ajewa cikin ɗaka ƙarƙashin gado, shina da matsala? Kuma wani abokina mai haƙar ma'adinai ya ce in aje mishi katan biyu na nakiya zuwa bayan salla. Daga wani mafarauci, Dange.

AMSA: Sarkin dawa, a gaishe ka. Baƙin albarushi irin naku halinshi daban da na soja, shi ba ya ruɓewa da kanshi, in bai sha laima ba jikanka ma zai harba shi. Abokin gabarshi tartsatsi ne, kuma ɗan kaɗan ya ishe shi, maganin sauro na wuta, garwashin turaren uwargida, ƙarfe ya gogi ƙarfe, har ɗan tas ɗin nan da kake ji in ka cire rigar leda lokacin hunturu. Ka rage yawanshi, ka fidda shi daga ɗakin kwana zuwa wani wuri busasshe mai makulli inda ba a wuta kuma yara ba su kai, in ya jiƙe kada a shanya shi bakin murhu.

Nakiya kuwa ka ce mishi a'a ko da zumunci zai ɓaci. Dokar abubuwan fashewa ta 1964 na nan, sai da lasisi daga ma'aikatar ma'adinai aka saye, aka ɗauka, aka aje, kuma a ɗakin da hukuma ta duba can nesa da gari, nakiya ɗaki daban abin tada ta ɗaki daban. In ta tsufa ko ta sha zafi tana gumi, ka ga maiƙo ya jiƙa katan, wanga maiƙo ko faɗuwa ƙasa na iya tada shi. Unguwar Bodija a Ibadan ran 16 ga Janairu 2024 abin da gwamnan jihar ya ce ya faru kenan, masu haƙar ma'adinai sun aje kaya a gidan zama, dare guda gidajen layi sunka zama kufai har da rasa rayuka. In abokinka na da lasisi ai yana da wurin ajiya, mi ya kawo shi ƙarƙashin gadonka?

TAMBAYA: Malam ina da buhu 40 na taki a shago, an ce taki ne ya tashi Bairut. In kwashe? Daga wani ɗan kasuwa, Kara.

AMSA: Alhaji bar takinka. Na Bairut ran 4 ga Agusta 2020 amoniyam naitiret ne tan 2,750 da anka yasar a sito na tashar jirgin ruwa shekara 6, gobara ta iske shi, sama da mutum 200 sunka mutu. Yuriya da NPK na buhu da kuke sayarwa ba haka suke ba. Ka dai raba su da jarkar fetur da janareta, ka sa katako ƙasa saboda laima.

TAMBAYA: Baba ni ɗaliba ce ina karanta kemistiri a jami'ar Ɗanfodiyo, wanga aiki na duba makamai ya burge ni, mace na iya yi? Ta ina aka shiga? Daga wata ɗaliba, Arkilla.

AMSA: Jikata me zai hana, aikin ai na mai haƙuri ne da mai kaifin ido, ba na ƙwanji ba. A sojan ƙasa sashen Odinans ke riƙe da shi, su ke horar da hafsoshi da ƙananan ma'aikata masu duba harsashi, mai digiri na iya shiga ta gajeren kwas na hafsoshi in an buɗe. In ba ki son kaki akwai DICON a Kaduna, masana'antar makamai da anka kafa a 1964 anka sabunta dokarta a 2023, duk inda aka ƙera harsashi dole a sami masu awo da masu lab. A Amurka ma farar hula ne ke wanga aiki tun 1920, makarantarsu na garin Makalesta a jihar Okalahoma. Su ma sai da sunka sha wuya sunka koya, a 1926 tsawa ta faɗa wa wata ma'ajiyar sojan ruwansu a jihar Niyu Jasi ta share wurin, daga nan ne majalisarsu ta kafa hukumar da ke sa ido kan tazara da yawan abin da aka tarawa wuri guda.

Kafin nan ki nemi ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ajiyar harsashi da aka kira IATG, sun fito a 2011, kyauta suke a intanet. Ki fara da alamomin nan masu ruwan lemo da kike gani a jikin akwati ko babbar mota. 1.1 na nufin in guda ya tashi duka sun tashi lokaci guda, 1.2 mai watsa ɓaraguzai ne ɗaya bayan ɗaya, 1.3 gobara ce mai tsanani, 1.4 shi ne mai sauƙi irin harsashin ƙaramar bindiga wanda in wuta ta kama shi sai dai ya yi ta fas-fas kamar gugguru. Harafin da ke biye da lambar shi ke gaya miki wa zai kwana ɗaki guda da wa.

Sai dai in gaya miki inda wahalar take tun yanzu. Wata rana a wata bariki da ba zan faɗa ba, na buɗe akwatunan garin igwa na ji warin tsami ya bugi hancina, takardar ciki ta yi ja-ja tana marmashewa, na rubuta a ƙone. Wanda ke sama da ni ya kira ni ya ce manyan baƙi na zuwa duba kaya, in sa hannu cewa komai lafiya in ya so bayan sun tafi a san abin yi. Na ƙame na sara mishi na ce ba zan iya ba. Na yi wata shida a wani ƙauye da ko rediyo ba ta kamawa. In kin san hannunki zai yi rawa a irin wagga rana gara ki nemi koyarwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni abin haushi yake ba ni. Muna jin ana cewa yaranmu a daji harsashi na ƙare musu, sannan mu ji wai soja sun fita bayan gari suna ƙona makamai da gangan, har da waɗanda anka ƙwato hannun ɓarayi. Wanga ba almubazzaranci ba ne da kuɗin talakawa? Daga wani malamin makaranta, Mabera.

AMSA: Malam haushinka na da hujja, amma ka ɗora shi inda ya dace. Almubazzarancin an yi shi tun baya, randa anka sayo abin da ya fi bukata, ko anka sayo tsohon kaya da sabon fenti, ko anka bar na ƙasan tari yana tsufa ana ta ɗibar na sama don shi ya fi kusa da ƙofa, alhali ƙa'ida ita ce wanda ya riga shiga ya riga fita. Ranar ƙonawa kuɗin sun daɗe da mutuwa, jana'iza kawai aka yi.

Ga abin da irin wanga tsimi ya taɓa jawowa. A Yulin 1967 lokacin yaƙin Biyetnam bam ya yi wa sojan Amurka ƙaranci, sai anka kwaso tsofaffi tun na wajen 1953 da sunka sha rana da laima a Filifin, masu tsatsa wasu har suna yoyo, anka loda wa jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama Forrestal. Masu kula da makaman jirgin sun so a watsa su teku, anka ce ba wasu. Washegari 29 ga wata gobara ta tashi a saman jirgin, 'yan kwana-kwana sunka ruga da sanin cewa bam na zamani na jure wuta kusan minti 10, tsohon nan bai kai minti 2 ba ya tashi ya tafi da su. Mutum 134 sunka mutu.

Na hannun ɓarayi kuwa ba wanda ya san tarihinshi, ko a rami anka binne shi damina uku, ko daga ƙasa nawa ya ratso, lot ya cakuɗe, wani ma an taɓa shi da gangan don ya fashe a hannun mai harbi. Ni ba zan ba ɗan wani abin da ba zan ba nawa ba. Abin da ya kamata shi ne a ƙirga, a ɗauki hoton lambobin gindi da na akwati don a bi sawun inda ya fito, a rubuta, sannan a lalata a gaban shaidu, kuma a sake ƙirga abin da ya shiga ramin, don tsakanin sito da bayan gari ma kaya na iya yin ƙafa. In kana son tambayar da za ka yi wa wakilinku a majalisa, ka tambaye shi nawa anka ware wa gyaran ɗakunan ajiya da lab ɗin awo a kasafin tsaro, ka ga ko ya taɓa duba layin.

Mai tambaya kan nokawut ɗin yara lokacin biki, taka ta iso bayan an rufe shafi, sai mako mai zuwa tare da fansho in Allah ya kai mu.